Mataccen agogon babur da rayukan da muke ɗorawa a kansa

Kwanakin baya na je ɗaurin aure wani gari, na sauka a tasha na tsayar da ɗan acaba domin ya ƙarasa da ni. Ko da muka hau titi sai yaron nan ya murɗe totur, iska ta fara neman raba ni da hulata. Na leƙa ta saman kafaɗarsa don in ga gudun da muke yi, sai na tarar allurar agogon tana kwance a kan sifiri, ko motsi ba ta yi. Na ce, "Samari, yaushe rabon mitar nan da aiki?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan ado ce. Ni da kunne nake gane gudu."

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda ke shakka, ya tsaya a kowace mahaɗar 'yan acaba ya duba fuskar baburan da ke jere, Boxer ne ko Jincheng ko Haojue, ya ƙirga nawa ne agogonsu ke da rai. Ra'ayina shi ne, wannan sakaci ya fi ƙarfin a kira shi ƙaramin abu, kuma kaso mai tsoka na laifin yana wuyanmu, mu 'yan boko da ke sayen babura muna bai wa matasa su riƙa kawo mana balas.

Kunne da iska ba ma'auni ba ne. Mutumin da ya daɗe yana sheƙa gudu a kan buɗaɗɗiyar hanya, idan ya shigo gari sai ya ji kamar rarrafe yake yi alhali kuwa har yanzu yana bisa ƙa'ida nesa. Dokar hanya ta ƙasar nan ta kayyade wa babur kilomita 50 a awa ɗaya a cikin gari. To, ta yaya za a kiyaye iyakar da ba a ganinta? Babur da ke gudun kilomita 60 yana cin kusan mita 17 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin direba ya farga da yaron da ya faɗo titi har ya kai ƙafarsa ga birki, ya riga ya shafe wannan tazara. Sa'an nan idan gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata yakan ninka sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan hatsari da kashi 4 cikin 100, kuma rahotonta na shekarar 2023 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a kan hanyoyin duniya duk shekara.

Abin takaicin shi ne, na'urar da ake magana a kanta ba ta da wani sarƙaƙiya. Tun a shekarar 1902 wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi rajistar wannan fasaha, kuma har yau da ita yawancin baburanmu ke aiki. A cibiyar tayar gaba akwai wani ɗan giya mai haƙora da ke juyawa tare da tayar. Shi ke juya wata siririyar waya da ke cikin kube, wadda ta hau har bayan agogo. A can wayar tana wulwula maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyam, jan maganaɗisun ya karkata kofin, allurar da ke maƙale da shi ta tashi, wani siririn sifirin kuma yana riƙe ta don kada ta wuce gona da iri. Wannan wayar dai ita ce ke juya lambobin da ke ƙirga nisan tafiya.

Wanda ya fahimci wannan, gano cutar ba zai yi masa wuya ba. Da farko a dubi lambobin nisa. Idan suna tafiya amma allura ta mutu, to waya da giya lafiyarsu lau, matsalar tana cikin agogon kansa. Idan kuwa duka biyun sun tsaya, sai a kwance wayar daga bayan agogo, a ɗaga tayar gaba a juya ta da hannu, a duba ko bakin wayar yana juyawa. In yana juyawa, agogo ne ya lalace, ko kuma bakin ya cinye har ba ya kama gurbinsa. In ba ya motsi, a kwance ta daga ƙasa a zaro ta daga kube: sau da yawa za a tarar ta tsinke. In kuwa ta fito lafiya, saura giyan cibiya, wanda ko dai haƙoransa sun cinye, ko kuma an mayar da taya bayan faci ba tare da an daidaita kunnuwansa a mazauninsu ba. Allurar da ke rawa tana tsalle-tsalle kuwa, galibi alama ce ta wayar da ta bushe tana neman giris, ko wadda aka lanƙwasa da yawa. Haka nan sauya taya da wadda girmanta ya bambanta yakan sa agogo ya riƙa faɗin ƙarya. Sababbin baburan da agogonsu ke aiki da lantarki kuma, a fara duba fis da mahaɗar wayoyi da ɗan na'urar da ke jin juyin taya, kafin a yanke hukuncin sayen sabon agogo.

Na kawo wannan bayani ne don mai karatu ya ga cewa aikin bai wuce na sifana da 'yan mintoci a wurin bakanike ba, kuma a mafi yawan lokuta waya ce kawai za a sauya, wadda tana cikin kayan gyara mafi araha.

Za a iya cewa agogo mai rai ba ya mayar da mai ganganci mai hankali. Gaskiya ne. Za a kuma ce yaron da ke fafutukar haɗa balas da kuɗin mai da na cefane ba shi da sukunin kula da allura. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce nauyin yana kan mai babur. Wanda ya iya fitar da kuɗi ya sayi babur don neman riba, ba ya rasa kuɗin waya. Bayan haka, ko don dukiyarsa ya kamata ya kula, domin da lambobin nisa ake sanin lokacin juyen baƙin mai. Idan sun mutu sai a koma ƙiyasi, injin kuwa ba ya yafe ƙiyasi. Mai sayen babur na hannu shi ma an rufe masa ido, tun da ba shi da hanyar sanin nisan da abin ya ci.

Hukumomi ma suna da nasu kason. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988. A watan Janairun 2009 ta fara tilasta sanya hular kwano, muka ga wasu sun kifa ƙwarya a ka suna yi wa doka izgili. A shekarar 2013 gwamnatin Kano ta hana acaba ɗungurungum. Daga tilastawa zuwa haramtawa muke tsalle, ba mu cika tsayawa a kan aikin da ke tsakani ba, wato ilimantar da direba da tabbatar da lafiyar abin hawansa. Jami'an duba ababen hawa su sa agogo cikin abin da suke dubawa tare da birki da fitila, amma don a gyara, kada ya zama sabuwar ƙofar karɓar na goro. Ƙungiyoyin 'yan acaba, waɗanda ke karɓar kuɗin tikiti kullum, suna iya ware rana guda su kira bakanike ya bi baburan mambobinsu ɗaya bayan ɗaya.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin mu sauka na roƙi yaron nan ya rage wuta, ya kuwa rage ba tare da gardama ba. Da na tambaye shi na wa ne babur ɗin, sai ya ce na wani ma'aikacin gwamnati ne, kuma tun da ya ba shi makulli bai taɓa tambayarsa komai ba sai balas. Mai karatu, idan kana da babur a hannun ɗan wani, yau in ya kawo maka kuɗi ka fita ka duba allurar da idonka. Allah Ya kiyaye hanya.