JAKARA: RUWAN DA MUKA ZUBAR, INA YA KE ZUWA?

A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari a Fagge, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na kuɗi masu yawa. Da rani ya yi kuma, mutanen unguwannin nan, da na Sabon Gari, suka koma tare 'yan garuwa a bakin hanya suna ciniki a kan jarka. Mutane sun ɗauki waɗannan abubuwa biyu kamar masifu dabam dabam, ɗaya ta yawan ruwa, ɗaya ta rashinsa. Mu a ganinmu ciwo ɗaya ne, kuma wanda ya ke so ya gane shi sai ya je ya tsaya a kan gadar Jakara.

Bari mu fara da abin da a ke koya wa yara a darasin labarin ƙasa. Kowane kogi yana da faɗin ƙasar da ke zuba masa ruwa, kamar yadda rufin soro ke tara ruwa ya miƙa wa indararo. Duk ɗigon da ya sauka a wannan faɗin ƙasa, komai nisansa, a kogin nan zai ƙare, tare da duk abin da ya kwaso a hanya. To, birnin Kano yana zaune ne a kan tudu tsakanin irin waɗannan ƙasashe biyu. Ruwan kudancin gari yana gangarawa Kogin Challawa. Na arewaci kuwa, watau yawancin cikin birni da Fagge da Sabon Gari da Bompai, Jakara ya ke nufa.

Ga inda zancen ya ke. Ruwan da mu ke sha daga kudu a ke jawo shi. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kafa gidan ruwa a bakin Challawa, aka kai famfo cikin gari. Daga baya aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, aka kuma yi matatar ruwa a Tamburawa. Amma ruwan da muka yi wanka da wanki da shi, arewa mu ke tura yawancinsa. Mun kashe dukiya mai yawa wajen kawo ruwa gari, ba mu kashe ko kusa da haka ba wajen fitar da shi da mutunci.

Jakara ba kwata ba ce tun asali. Littafin tarihin Kano ya ambaci kurmin da ke gefenta, wanda mutanen farko su ke girmamawa, kuma a nan ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Fadama ce mai riƙe ruwa. Banda ita kuma akwai kududdufai birjik a birni da Fagge, inda aka haƙi ƙasar gini. An daɗe ana zaginsu saboda sauro, kuma zagin da gaskiyarsa, amma suna wani aiki da ba a gode musu ba: in aka yi ruwa mai ƙarfi su kan shanye shi, sa'an nan su sake shi a hankali cikin ƙasa, rijiyoyi su samu. Yanzu an cike da yawansu da shara, an yanka filoti, an shafe tsakar gida da siminti. Ruwan da dā ya kan kwana a kududdufi yanzu cikin sa'a guda ya isa kasuwa. Rijiyar da ya kamata ta sha shi kuwa ta ƙafe, mai hali ya haƙa burtsatse, maƙwabcinsa ya haƙa wadda ta fi ta zurfi.

Sabon Gari, wanda aka kafa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, an shata shi da tituna miƙaƙƙu da magudanai, amma don jama'ar da ba ta kai ta yau ko kusa ba.

Sai mu bi ruwan mu ga. Daga birni Jakara ta kan ɗauki ruwan kwatami da na masai. A wajen Fagge ta karɓi jini da tumbi daga mayanka. Ta wuce ta gefen Sabon Gari ta ƙara da baƙin mai na makanikai da ledoji. Can gaba ta haɗu da rafin Getsi, wanda ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai. Masu bincike na Jami'ar Bayero da wasunsu sun sha auna ruwan nan, sun sami guba irin ta ƙarfe a cikinsa, kamar dalma da kuromiyam, wanda masana'antun jima ke aiki da shi. Ita irin wannan guba tafasawa ba ta kashe ta, kuma ba ta sa ciwo yau yau, taruwa ta ke yi a jiki. Daga nan ruwan ya tafi ya kwanta a madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, wadda aka gina a 1976 don noman rani.

Da rani, in an cire abin da gari ya zubar, kusan babu wani ruwa a Jakara. Amma da shi ne masu lambu a Kwakwaci da Gama su ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da karas, su kai kasuwa da asuba. Ba mu ga laifinsu ba. Mutum ne da iyali, ga ruwa kyauta a gabansa wanda har taki ya ke ɗauke da shi. Sai dai akawun da ya sa hannu aka yi gini a kan magudana, da malamin da ya ga ana juye shara a kwata ya kau da kai, su ma su kan sayi latas ɗin nan su kai gida.

An yi ƙoƙari, ba mu ce ba a yi ba. A mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka soma aikin hanyar Wuju-Wuju, watau a gina wa Jakara magudana ta kankare a shimfiɗa titi a kai. Wannan zai rage wari da sauro, ya kuma sauƙaƙa zirga-zirga. Amma rufe kogi ba ya wanke shi. Ruwan da ya shiga da dauɗa da dauɗarsa zai fita, har ma ya fi sauri, mutanen ƙasa su karɓa. Birnin Landan ya ɗanɗana wannan. A 1858 warin Kogin Tems ya dami 'yan majalisa har a zauren taronsu, aka gina manyan magudanai suka kai ƙazantar can gaba da gari, daga baya dole aka koma aka gina wuraren tace ta, gama mutanen gaban ma mutane ne.

Babbar matsalar, a ganinmu, ita ce Jakara ba ta da uba ɗaya. Hukumar ruwan sha tana kula da famfo. Hukumar kwashe shara tana kula da juji. Masu tsara birni su ke ba da izinin gini. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, hankalinta ya fi karkata ga manyan madatsu da noman rani. Ƙananan hukumomin Dala da Fagge da Nasarawa da Ungogo da Minjibir kowace iyakarta ta sani. Ruwa kuwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Abin da mu ke roƙo shi ne a ɗora wa ofis guda alhakin rafin nan tun daga Kurmi har Wasai, a ba shi ikon hana gini a kan magudana da sauran kududdufan da suka rage, a kuma tilasta wa kowace masana'anta da mayanka su tace ruwansu kafin su sake shi. A riƙa auna ruwan a wurare sanannu, damina da rani, a buga sakamakon da Hausa a liƙa a kasuwa. Masu lambu kuma kada a kore su sai an nuna musu wani ruwan.

Ku kuma malaman makaranta, akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa. Ranar da aka kwana ana ruwa, ku fita da 'yan aji biyar da shida, ku bi kwatar ƙofar makaranta da ƙafa har inda ta faɗa babbar magudana, yara su zana taswirar hanyar, su sa alama duk inda ta toshe da abin da ya toshe ta. Ku aika wa mai unguwa kwafi ɗaya, ɗaya kuma ga ofishin ƙaramar hukuma.