Ba kishiya ba ce, ba iska ba ne

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, yau sai mun faɗa wa juna gaskiya. Mace mai shekara 25 ta wayi gari ido guda ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, hannu ya mutu. Kafin a kai ta likita mun riga mun yanke hukunci: kishiya ta jefe ta, ko ta taka sawun iskoki.

To, akwai cutar da ke zuwa da waɗannan alamu, lokotoro na ce mata sclérose en plaques. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke cinye robar wayar kuran. Kusan mutum miliyan 2.8 ke fama da ita a duniya, mafi yawa mata, kuma takan fara tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ba ta da yawa a ƙasashenmu masu rana, amma tana nan.

Abin da ke yaudarar mu shi ne tana tasowa tana lafawa da kanta. In ta lafa, boka ya ci ragonsa. In zafin watan Afrilu ya tada alamun, sai a ce an sabunta jifa, a hana kishiya sakat a gidan miji.

Me ke kawo ta? Gado na da hannu, amma kaɗan: ko tagwaye masu kama ɗaya, in guda ya kamu, mafi yawan lokaci ɗan'uwan na tsira. Don haka ƙin auren 'yar gidan zalunci ne. Sauran kuwa sun haɗa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda binciken 2022 a kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna tana ninka haɗarin sau 32, da ƙarancin bitamin D, da shan taba, da ƙiba tun ƙuruciya. Ina sunan kishiya a nan?

Ba kowane shanyewar jiki ne wannan cuta ba, hoton IRM da likitan jijiya ke tantancewa, kuma galibinsu suna Yamai. Kuɗin ragon nan, don Allah a yi kuɗin mota da su. Mu yi addu'a, mu kuma nemi magani, don akwai magungunan da ke rage tasowarta. Wadda aka ɗora wa maita kuwa, a je a nemi gafararta.