Ba Girman Batiri Ba Ne Maganin

Akwai masu cewa darasin rage cin wutar layukan bayanai a cikin guntun silikon na 'yan Amurka ne, ɗalibinmu ba ya bukatarsa. In waya ta mutu, a sayi mai babban batiri. Wannan magana ce ta wanda wutar gidansa ba ta ɗaukewa. A je a faɗe ta a Maiwurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Madatsar Sinnar tana kusa, tun 1925 take tsaye, amma daga barkewar yaƙi a Afrilun 2023 wuta ta zama baƙuwa a ƙauyukan Jazira da Sinnar. Da kuɗi ake cajin waya a faifan sola, kuma ta wayar nan, a manhajar Bankak, kuɗin abinci ke isowa daga 'yan uwa.

To, ina wutar ke tafiya? Kaso mai tsoka ba lissafi ke cinye shi ba, jigilar bayanai ce. Duk sa'ad da layi ya juya daga 0 zuwa 1 sai an cika shi da caji, in ya koma a zubar. Layin da bai juya ba kusan kyauta yake.

Dubi dabarar da Mircea Stan da Wayne Burleson suka wallafa a 1995. Layuka 8 na ɗauke da 00001111, ana son aika 11110000: duka takwas za su juya. Sai a aika kishiyar lambar, wadda ita ce ke kan layukan tun farko, a ƙara layi na tara ya shaida wa mai karɓa ya birkice ta. Juyi ɗaya maimakon takwas! Ƙa'idar: in fiye da rabi za su juya, a birkice. Ƙwaƙwalwar DDR4 tana da irin wannan dabara.

Masu suka za su ce da'irar da ke ƙirga juyin ita ma tana shan wuta. Gaskiya ne, a gajeren layi riba ba ta biyan ɗawainiya. Sanin inda take biya shi ne ilimin da suke son a tsallake. Haka rage ƙarfin turin wuta: a rage shi da rabi, wutar juyi ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Babban batiri kuwa ya fi tsada, ya fi daɗewa a kan sola, kuma layin masu jiran caji bai ragu ba.