Azzalumin yana sahun gaba

A ƙauyukan Nijar, mai cin zalin mace da wuya ya kasance ɓarawon dare ko baƙon hanya. Galibi mutum ne da ake durƙusa wa: miji, ko uban da ya karɓi dukiyar aure, ko alhajin da ke da rumbuna da wurin tsayuwa a sahun gaba. Ita ma wadda ake zalunta an san kamarta. Yarinya ce da aka ɗaura wa aure tun ba ta gama girma ba, ba ta zauna lakwal ba, ba ta da gona ko jarin kanta. Ƙidayar lafiyar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata an yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kuwa kafin 15. In irin wannan ta kai kuka zauren mai gari, abin da take samu shi ne "ki yi haƙuri", a sa ta gaba a maida ta ɗakin da ta gudo.

Babu inda wannan lamari ya fito tsirara kamar a al'adar wahaya, wadda ta yi ƙarfi a jihar Tawa, wajajen Ƙwanni, Madawa da Illela. Mai mata huɗu ya sayi ta biyar, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ta yi daka da rana, ta kwana ɗakinsa da dare. Talaka ba ya iya wannan ciniki. Sai mai kuɗi ko mai sarauta.

Hadijatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996, a kan jika 240. Shekara tara tana bauta. A 2005 maigidan ya ba ta takardar 'yanci, sa'an nan ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ita shari'a ta kai gidan kaso, wai ta yi aure kan aure! Sai da ƙungiyar Timidria ta tsaya mata har kotun CEDEAO, wadda a 2008 ta kama gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa.

Doka dai akwai ta. Tun 2003 bautar da mutum laifi ne mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Amma sai a 2014 aka fara ɗaure wani a Birnin Ƙwanni saboda wahaya, shi ma shekara huɗu kacal. Majalisar dokoki kuwa, wadda a lokacin take da saurin ɗaga hannu in maganar alawus ce, ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006.

Ga kuma sabon cikas. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, ke nan ƙofar da Hadijatu ta ƙwanƙwasa ta rufe ga masu sabuwar ƙara. Yarinyar da aka saya bana ba ta da kowa sai jandarman garinsu da alƙalin jiharsu, su ne kuwa waɗanda alhajin ke aika wa buhun hatsi da ragon layya. Wajibi ne ma'aikatar shari'a ta umurce su su buɗe takarda kan kowace ƙara irin wannan, ko da mai gari ya ce an riga an sasanta.