Hunturu Lokacin Taka Sayyada Ne a Keffi

'Yan'uwana ɗalibai, da hunturu ya kama sai mu ƙudundune cikin bargo, alhali a ganina babu lokacin da ya fi shi daɗin taka sayyada a Keffi. An gama girbi, ciyawa ta bushe, hanyoyin gona sun buɗe. Mu shafa man kaɗe saboda kaushi, mu fita da hantsi, mu hau dutsen Maloney ko da hazo ya rufe garin. Baturen da dutsen ya ci sunansa, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ne ya kashe shi a 1902, ya nufi Kano. Turawa suka fake da haka suka ci Kano a 1903. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ɗalibi zai gama digiri a nan yana ambaton Baturen kullum, bai san sunan Magajin ba.