Jirgin Da Bai Ɗauko Ohtani Ba

Maƙalarmu ta wannan makon za ta kai mu Amurka da Kanada, wajen masu kallon besbol, wasan nan da ake jefa ƙaramar ƙwallo, wani ya make ta da sanda, sannan ya zuba da gudu yana zagaya fili. Mun san da yawanmu ba mu taɓa zama mun kalle shi ba. Amma abin da magoya bayansa suke yi idan kaka ta ƙare ba baƙonmu ba ne, domin duk mai bibiyar kasuwar 'yan ƙwallon Turai ya san shi: hasashen wa zai bar ƙungiyarsa, wa za a yi musayarsa, nawa za a biya shi. Ra'ayinmu a kan lamarin shi ne, hasashen magoya baya ba laifi ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Ɓarna tana farawa ne a lokacin da wanda jama'a suka yarda da alƙalaminsa ya ɗauki hasashen ya miƙa musu shi da sunan labari.

Bari mu fara da dalilin da ya sa hasashe yake da kasuwa a wannan wasa. Babbar gasar besbol, wato MLB, tana da ƙungiyoyi 30, guda 29 a Amurka, ɗaya a Kanada, ita ce Toronto Blue Jays. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. A Oktoba a yi wasannin fitar da gwani, a kammala da na ƙarshe da suke kira World Series. Daga nan sai fili ya yi tsit har tsakiyar Fabrairu, lokacin da 'yan wasa suke komawa atisaye. Mutumin da ya shafe wata shida yana ganin ƙungiyarsa kowace yamma, rana ɗaya an raba shi da ita, ga sanyi ya sauko. Me zai yi in ba hira ba? Su da kansu sun daɗe da laƙaba wa wannan lokaci sunan da ke nufin gasar bakin murhu, saboda yadda mutanen da suke kewaye murhu suna jin ɗumi suna muhawara a kan wanda ya dace a ɗauko.

Abu na biyu, kasuwarsu ba ta da ranar rufewa a wannan hutu. Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya sa hannu da kowace ƙungiya kwana biyar bayan an gama World Series, kuma yana iya jan ƙafa yadda ya ga dama. Bryce Harper sai da aka riga aka koma atisaye a 2019 sannan ya amince wa Philadelphia Phillies a kan dala miliyan 330 na shekara 13. Duk watannin da ya yi yana shawara, magoya bayan ƙungiyoyi da yawa sun kwana sun tashi suna saka masa rigarsu a zuci.

Yanzu ga labarin jirgin. Shohei Ohtani ɗan Jafan ne, ya yi shekara shida a Los Angeles Angels, daga 2018 zuwa 2023. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya iya jifa, ya iya bugu, alhali yawancin 'yan wasa ɗaya suke ƙwarewa a kai. Ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a 2021 da 2023, amma ƙungiyarsa ba ta taɓa kaiwa wasannin fitar da gwani ba a zamansa. Da kwantiraginsa ya ƙare, kowa ya san za a zuba kuɗin da ba a taɓa zubawa ba. Shi da wakilinsa Nez Balelo kuwa suka ja bakinsu suka yi gum. Shirun nan shi ya ba wa hasashe fili.

A farkon Disamba aka samu labarin ya ziyarci filin atisayen Blue Jays da ke Dunedin a jihar Florida. Ranar Juma'a 8 ga Disamba, 2023, sai masu bin diddigin jiragen sama a intanet suka hango wani ƙaramin jirgin alfarma zai tashi daga Santa Ana, kusa da filin Angels, ya nufi Toronto. Aka kuma yaɗa cewa Yusei Kikuchi, wani ɗan Jafan da yake wasa a Blue Jays a lokacin, wanda makarantar sakandarensu ɗaya da Ohtani, ya kama wuri a wani gidan abinci domin walimar mutane masu yawa. Wata kafa ta ce Ohtani ya riga ya zaɓi Toronto. Sannan Jon Morosi, ɗan jaridar da ya yi suna a harkar, ya rubuta cewa Ohtani yana kan hanyarsa ta zuwa birnin. Dubban mutane suka zuba wa ɗan hoton jirgin ido a wayoyinsu yana ratsa taswira. Da ya sauka, wanda ya fito shi ne Robert Herjavec, ɗan kasuwar Kanada da aka sani a shirin talabijin na Shark Tank. Ohtani yana gidansa a Kalifoniya. Morosi ya fito ya ba da haƙuri a daren. Washegari Ohtani ya sanar da kansa a Instagram cewa ya zaɓi Los Angeles Dodgers, a kan dala miliyan 700 na shekara goma.

Mutane da yawa sun yi wa magoya bayan Toronto dariya. Mu ba mu ga abin dariya a wajensu ba. Mu duba abin da yake hannunsu: ziyarar Dunedin gaskiya ce, jirgin gaskiya ne, inda ya tashi da inda ya nufa duk gaskiya ne. Abin da suka yi shi ne haɗa waɗannan da fatan da ke ransu. Mai goyon baya ba shi da kujera a ɗakin da ake ciniki, ba a tambayarsa shawara, kuɗin tikiti da na riga kawai ake karɓa a wajensa. Hasashe shi ne ɗan rabonsa a cikin harkar. Kuma ba aikin banza ba ne. Wanda zai tsara musayar da za ta yiwu sai ya san albashin kowa, da shekarun da suka rage masa, da matasan da ƙungiya take reno, da harajin da ake ɗora wa ƙungiyar da jimillar albashinta ta haura ƙa'ida. Wasu magoya bayan sun san waɗannan kamar yunwar cikinsu. Mutanen Toronto da suke kallon jirgin sun san zato suke yi, har zuwa lokacin da mai suna ya ce musu abin ya tabbata.

Nan ne muke ganin laifin yake. Idan Malam wane a majalisa ya ce "ina jin jirgin nan Ohtani ya ɗauko," kowa ya san nauyin maganarsa, za a yi musu a tashi. Idan ɗan jaridar da ya shafe shekaru yana kawo labarin da ke tabbata ya faɗi haka, ya jingina maganar ne da duk amanar da ya tara. Masu sauraro ba su da hanyar tantancewa, shi ya sa ma suke bin sa. Kalmomin iri ɗaya ne, amma bakin da suka fito ya canja musu matsayi.

Kuma wannan ba shi ne karon farko ba. Shekara ɗaya kafin nan, a Disamban 2022, ana jiran matakin Aaron Judge, wanda ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 62 a kakar da ta gabata. Jon Heyman, wani babban ɗan jarida, ya rubuta cewa da alama Judge ya nufi San Francisco Giants. Saboda gaggawa har sunan ya kuskure, ya rubuta Arson a maimakon Aaron, kalmar da a Turanci take nufin cinna wa dukiya wuta da gangan. Cikin 'yan mintoci ya janye. Kashegari aka ji Judge ya zauna a New York Yankees a kan dala miliyan 360 na shekara tara. Sauri ya haifi nawa.

Za a iya ce mana, to ai ɗan jarida ba annabi ba ne, majiyarsa ce ta ɓatar da shi. Mun yarda. Amma mu tambayi kanmu, su wane ne majiyar? A wannan kasuwa, kusan duk wanda ya san wani abu yana da abin da zai samu idan maganar ta fita. Wakilin ɗan wasa yana so a ji cewa ƙungiyoyi da yawa suna zawarcin mutuminsa, domin farashi ya tashi. Shugaban ƙungiya yana so magoya bayansa su ji cewa ya yi ƙoƙari, ko da bai yi nasara ba. Wanda ya san haka, wajibi ne ya tambayi kansa dalilin da ya sa aka ba shi wannan magana a wannan lokaci, ya kuma nemi baki na biyu da bai haɗa hanya da na farko ba. Ranar jirgin Toronto akwai 'yan jaridar da suka yi hakan, irin su Bob Nightengale, wanda ya fito ya ce Ohtani yana gida bai je ko'ina ba.

Ko labarin da ya tabbata ma yana iya warwarewa. A wannan Disamba na 2022, Carlos Correa ya amince wa Giants a kan dala miliyan 350 na shekara 13. Ana shirin gabatar da shi ga 'yan jarida sai aka ɗage taron, saboda gwajin lafiya ya tayar da maganar wani tsohon rauni da ya ji a ƙafa tun 2014. Ya juya ya amince wa New York Mets a kan miliyan 315 na shekara 12, nan ma ƙafar ta hana. A Janairun 2023 ya koma Minnesota Twins, inda ya baro, a kan miliyan 200 na shekara shida. Magoya bayan birane biyu sun yi murna, ba su samu komai ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Idan abin da ɓangarori biyu suka amince a kai yana iya rushewa haka, ina ga ɗan ɗigon jirgi a kan taswira?

Akwai abu ɗaya da muke ganin su ma magoya baya suna mantawa a cikin zafin hasashe, wato wanda ake maganarsa mutum ne. A besbol ana iya musayar ɗan wasa ba tare da yardarsa ba, sai in kwantiraginsa ya hana, ko ya yi shekara goma a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. A da ma ko kwantiragi ya ƙare ba shi da ikon tafiya. A 1969 St. Louis Cardinals ta tura Curt Flood zuwa Phillies bayan ya yi mata shekara 12, ya ƙi zuwa, ya rubuta wa shugaban gasar Bowie Kuhn cewa shi ba kadara ba ce da za a saya a sayar. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972, wasansa kuma ya mutu a kan wannan gwagwarmaya. Sai a 1975 wani mai sasanci, Peter Seitz, ya yanke hukuncin da ya 'yanta Andy Messersmith da Dave McNally, a 1976 kuma aka amince cewa wanda ya yi shekara shida a gasar yana da ikon zaɓar inda zai je. Saboda haka shirun da Ohtani ya yi haƙƙinsa ne, haƙƙin da wani ya rasa sana'arsa wajen nemansa. Babu wanda yake bin sa bashin bayani kafin ya gama shawara.

Wani abin lura kuma, duk hayaniyar da aka yi a kan inda zai je, abin mamakin yana cikin takardar da ya sa wa hannu. Daga cikin miliyan 700 ɗin, dala miliyan biyu kacal zai riƙa karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043, domin ƙungiyar ta samu sararin ɗauko wasu gwanaye. Wannan shi ne ainihin labarin, kuma bai fito daga bin jirgi ba. Ya fito ne bayan an jira.

Mu ma masu karatu da yaɗawa muna da namu kason. Wanda ya riga kowa faɗa shi muke tururuwar bi, wanda ya jira ya tabbatar sai mu ce ya makara. Muddin haka muke saka wa mutane, za a ci gaba da kawo mana ɗanyen zance. Abin da muke nema ba shi da wahala. Mai hasashe ya yi hasashensa son ransa, ya ce "ina zato." Mai kawo labari ya faɗi abin da ya tabbatar, ya ware shi daga abin da ya ji, in bai da tabbas ya riƙe har ya samu. Mu kuma kafin mu tura wa wani, mu duba a cikin biyun nan wanne ne a hannunmu.

Ohtani dai ya je Toronto daga baya. A 2025 Dodgers da Blue Jays suka haɗu a World Series, 'yan kallon birnin suka riƙa yi masa ihu cewa ba sa buƙatarsa, alamar ciwon waccan Juma'a bai warke ba. Dodgers ta ɗauki kofin a wasa na bakwai, a filin Toronto.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman waɗanda suke ganin mun yi wa 'yan jarida tsauri. Sai mako mai zuwa.