Yawan Damuwa Na Karya Garkuwar Jiki

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, 'yan Arewa mazauna Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan suke fama da tsadar abinci da kuɗin haya, ga kuma na gida suna jiran aike. Irin wannan damuwa kuwa har cikin jini take shiga.

Idan hankalin mutum ya tashi, wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda su kan fid da wani sinadari mai suna kotisol. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin da ke yaƙi da cuta, kowace tana ɗauke da wani mazauni da kotisol ke shiga, kamar mabuɗi da kwaɗo. Da zarar ya shiga, sai ƙwayar ta sami umurnin sassauta kumburi. Wannan abu ne mai amfani, gama ya kan hana sojojin wuce gona da iri.

Amma fa idan damuwa ta ɗauki watanni, sai ƙwayoyin su daina jin umurnin. A 1991 wani masanin Amurka, Sheldon Cohen, ya ba da sakamakon gwajin da aka yi a Ingila, inda aka ɗiga wa mutane 394 ƙwayar cutar mura a hanci. Masu yawan damuwa su suka fi kamuwa. A 2012 kuma ya nuna cewa waɗanda ƙwayoyinsu suka daina amsa kotisol sun fi saurin kwanciya da mura.

Maganin nan dezametason wannan kwaɗo ɗin yake buɗewa. A 2020 likitocin Ingila sun gano ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da wajen kashi ɗaya cikin uku. To, shi ne kuma waɗansu ke saye a kemis ba da izinin likita ba don neman ƙiba. Daɗewa ana shansa na danne garkuwa, ya buɗe ƙofa ga tarin fuka da ciwon suga da hawan jini. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya bari farat ɗaya, sai ya ga likita.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kudu su riƙa faɗakar da jama'arsu. Isasshen barci da zumunci da taimakon wanda bashi ya danne duk suna cikin tsaron lafiya.